Tafiya Kuala Lumpur da Ƙananan Yara

Tambaya: Maigidana yana karatu a Malesiya, ya kira ni da yara biyu mu ziyarce shi. Me zan shirya? Daga wata uwa a Mahuta.

Amsa: 'Yar'uwa, fara da takardu. Kowane yaro sai da fasfonsa da biza, sannan katin rigakafin shawara, wanda ba ya aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar. Kada ki bari sai tafiya ta matso.

Agogon Malesiya ya riga namu da awa 7, don haka barcin yara zai rikice a kwanakin farko. Ki yi haƙuri da rigimarsu.

Abin da ya fi damuna sauro ne. Na can mai kawo zazzaɓin dengue da rana yake cizo, lokacin da gidan sauro ba ya amfani. Ki riƙa shafa wa yaran maganin sauro, kuma da zarar jiki ya yi zafi, sai asibiti.

Motoci a hannun hagu suke tafiya. Riƙe hannun yaran gam wajen tsallaka titi. Abincin halal ko'ina akwai, sai dai yaji, don haka ki ƙullo garin kunu. Ku je lambun KLCC, gindin tagwayen benayen Petronas, akwai filin wasan yara kyauta. Allah Ya kiyaye hanya.