Darasi: Mai Mata Biyu Ya Tuba, Yaya Ikilisiya Za Ta Yi da Shi?

Karatu: 1 Korantiyawa 7:10-24. A karanta shi sau biyu kafin a fara.

'Yan'uwa, wannan darasi domin ajin manya ne, da zumuntar mata, da dattawan ikilisiya. A ƙauyukan da muke zagawa saboda aikin gona, da wuya mu iske majami'ar Baftis wadda ba ta da irin wannan mutum. Manomi ne. Yana da mata biyu ko uku tun kafin bishara ta iske shi. Ya ƙone kayan tsafinsa, ya bar burukutu, ba ya fashin sujada, da kaka kuma yakan kawo zakkar dawarsa. Amma in an zo Jibin Ubangiji sai ya zauna a bencin baya yana kallo, gama ba a yi masa baftisma ba. A wasu wurare abin da akan gaya masa shi ne, ya zaɓi mace ɗaya ya sallami sauran.

Maganar nan ta shafe mu mu Baftis ta wata hanya dabam. Ba mu da bishop wanda zai yanke mana hukunci daga birni. Kowace ikilisiya tana yanke shawararta a taron membobi, tarayyarmu ta ƙasa kuwa tana ba da jagora. Wato ku masu karanta wannan takarda, wata rana ku ne za ku ɗaga hannu a kan rayuwar wani gida. Ya kamata mu san abin da muke ɗaga wa hannu.

Ba yau aka fara ba

Mai bishara na fari na Baftis, Thomas Bowen, ya zo daga Amurka ya sauka a ƙasar nan a 1850. Shi da waɗanda suka biyo bayansa sun koyar da auren mace ɗaya, kamar sauran Turawan mishan. Amma ko a cikin Turawan akwai gardama. Bishop Colenso na Natal, a Afirka ta Kudu, ya ce tilasta wa sabon tuba ya kori matansa zalunci ne. Ba a bi ra'ayinsa ba. A 1888 bishop-bishop na Angalikan suka taru a Lambet, cikin Landan, suka yanke cewa kada a yi wa mai mata da yawa baftisma, sai dai ya zauna cikin masu koyo. Matansa kuwa, suka ce a wasu wurare ana iya yi musu. Wannan hukunci ba na Baftis ba ne, amma kusan dukan mishan sun bi irin wannan hanya.

'Yan ƙasa ba su yi shiru ba. Mojola Agbebi, wanda ya zama shugaban tarayyar Baftis na fari da aka kafa ta a Badun a 1914, ya yar da sunansa na Turanci, ya kuma yi ta faɗa cewa Turawa suna gauraya bishara da al'adun ƙasarsu. A 1917 wasu 'yan Metodis a Ikko suka ware suka kafa tasu ikilisiya saboda wannan magana ta aure. Bayan shekara ɗari cif, a 1988, taron Lambet ya sāke shawara. Suka ce ana iya yi wa irin wannan mutum baftisma tare da matansa masu bi da 'ya'yansa, in ya yi alkawari ba zai ƙara aure ba muddin ɗaya daga cikin matan tana da rai, in kuma masu bi na wurin sun yarda. Suka ƙara da cewa kada a tilasta masa ya kori ko ɗaya, saboda wahalar da za ta shiga.

Ba mu kawo wannan domin mu kwaikwayi Angalikan ba. Abin da za mu bi shi ne Maganar Allah.

Me Littafi Mai Tsarki ya nuna?

Nufin Allah tun farko a fili yake. A Farawa 2:24 namiji ɗaya ne da mace ɗaya, Yesu kuma ya tabbatar da haka a Matiyu 19:4-6. Wanda aka fara ambata da mata biyu shi ne Lamek, daga zuriyar Kayinu. In kuma muka leƙa gidajen masu mata da yawa a Tsohon Alkawari, abin da za mu gani shi ne abin da muka sani a ƙauyenmu. Saratu da Hajaratu ba su zauna lafiya ba. Lai'atu da Rahila, 'yan'uwa ne uba ɗaya, amma kishi ya raba su. Feninna ta yi ta tsokanar Hannatu har ta kāsa cin abinci. Duk wadda ta taɓa zama da kishiya ba ta bukatar fasto ya fassara mata waɗannan surori.

Duk da haka, a cikin labaran nan Allah bai ce da Yakubu ko Elkana ko Dawuda su saki mata ba. Shari'ar Musa ma kāre matar take yi. Fitowa 21:10 ta hana mutum ya rage wa matar fari abinci da sutura da hakkinta na aure in ya ƙara wata. Maimaitawar Shari'a 21:15-17 ta hana shi ya danne gādon ɗan matar da ba ya so. Malakai 2:14-16 kuwa yana tsawata wa masu cin amanar matan aurensu.

Wani zai kawo Ezra sura 10, inda aka sallami mata. Gaskiya ne. Amma dalilin can shi ne matan baƙi ne masu bin gumaka, ba yawansu aka duba ba. A karatunmu na yau ma Bulus ya hana mai bi ya saki matarsa marar bi, in dai ta yarda ta zauna da shi. Ya kuma ce kowa ya zauna cikin halin da kiran Allah ya same shi. Sai mu yi hankali a nan. Bulus yana maganar kaciya da bauta da aure, bai ambaci mata biyu ba. Masanan tauhidi sun rabu a kan ko ayar ta kai har can.

Sauran ayar da kowa ya sani, 1 Timoti 3:2 da Titus 1:6. Shugaban ikilisiya ya zama mijin mace ɗaya, haka kuma mai hidima a 1 Timoti 3:12. Wannan sharaɗin shugabanci ne. Ba mu ga inda aka mai da shi sharaɗin baftisma ba. Sa'ad da mutumin Habasha ya tambayi Filibus abin da zai hana a yi masa baftisma, a Ayyukan Manzanni sura 8, ba a bincike gidansa ba. Mu Baftis muna fahariya cewa muna yi wa mutum baftisma bisa ga tuba da shaidar bangaskiyarsa. To, in mun ƙara wani sharaɗi, dole mu iya nuna shi cikin Littafi.

Matar da aka sallama

Nan ne aikinmu na gona yake sa mu ga abin da ba a gani daga bagadi. Matar nan ba kwartanci ta yi ba. Iyayenta sun ba da ita, an biya sadaki, dangi sun shaida. Dokar Nijeriya ma ta san auren gargajiya. Ran da aka sallame ta, sai ta rasa gayaunarta, gama ƙasar ta dangin miji ce. Ta rasa rabonta a rumbu. A al'adun yawancin kabilunmu 'ya'ya na gidan uba ne, sai ta tafi ta bar su a hannun kishiya. In ta koma gidan ubanta, 'yan'uwanta maza sun riga sun raba gona, wataƙila kuma a neme su su mayar da sadakin da aka ci tun da daɗewa. Mace mai shekara hamsin, ina za ta? Waɗansu sukan shiga dafa burukutu don su ci abinci, abin da ikilisiya ta hana. Waɗansu sukan tafi gari su lalace. 'Ya'yanta kuwa sukan girma suna cewa addinin Kirista ne ya kori uwarsu.

Mijin ya shiga ruwa ya fito da farar riga, amma wa ya biya kuɗin? 1 Timoti 5:8 ta yi magana mai zafi a kan wanda bai kula da iyalinsa ba.

Masu ƙin yarda kuma ba mugaye ba ne. Tsoronsu shi ne, in aka buɗe ƙofa kaɗan, samarinmu za su ce bari mu auri biyu tukuna, sa'an nan mu tuba. Suna kuma tunawa da dattawan da suka sha wuya a dā, suka rabu da mata saboda bangaskiya. Me za a gaya musu yanzu? Wannan tambaya tana da nauyi, kada mu yi mata dariya.

Namu gani, akwai bambanci tsakanin mutum biyu. Na ɗaya ya yi aurensa cikin rashin sani, bishara ta same shi a haka. Na biyu an yi masa baftisma, ya ɗaura aure a majami'a, ya yi alkawari a gaban Allah, daga baya ya kawo amarya. Na biyun ya karya alkawari, horon ikilisiya ya dace da shi. Na ɗayan kuwa, muna ganin ya fi kusa da Littafi a yi masa baftisma, ya riƙe matansa da adalci, kada ya ƙara, kada kuma a ba shi aikin fasto ko na mai hidima. Ba mu ce kowa ya yarda da mu ba. Ku kai maganar wurin fastonku da shugabannin gundumarku.

Me ya sa ake ƙara aure?

Wa'azi kaɗai ba zai tsai da abin ba in ba mu dubi dalilan ba. Manomi yakan ce gandu ya yi masa yawa, yana bukatar hannu. Amma kowane hannu da bakinsa yake zuwa, gona kuwa ba ta ƙaruwa. Gonar da ta ci da gida ɗaya, in aka raba ta wa 'ya'ya maza takwas, kowa zai sami ɗan fegi ne kawai. Garmar shanu ta shigo Arewa tun zamanin Turawa. Gidaje uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi bijimai biyu, su yi huɗa bi da bi, ga taki kuma kyauta. Gayya ma ba ta mutu ba, zumuntar maza tana iya rayar da ita.

Wani kuma rashin haihuwa ne, ko neman ɗa namiji. A nan likitoci sun taimake mu. Rashin haihuwa yakan fito daga wajen namiji kamar yadda yakan fito daga wajen mace, saboda haka su biyu za su je asibiti. Zaman jariri namiji ko mace kuwa, daga irin uban ne yake fitowa. Matar da ta haifi 'ya'ya mata biyar ba ta yi laifin kome ba.

Akwai kuma gādon matar ɗan'uwa. In ikilisiya ta hana wannan, sai ta tsaya wa gwauruwar har dangi su bar mata gona da ɗaki, a kuma taya ta noman fari.

Tambayoyi domin aji

1. A ikilisiyarku, in an sallami mace saboda baftismar mijinta, wa yake bin sawunta ya ga inda ta sauka?
2. Matar ta biyu in ta ba da gaskiya, kuna yi mata baftisma? In kuna yi mata amma kuna hana mijin, wace aya kuka dogara a kai?
3. Gwauraye nawa ne a majami'arku suka rasa gona bayan rasuwar miji? Ku rubuta sunayensu ku ba dattawa kafin ruwan shuka ya sauka.