Noman Kankana A Inda Sanyi Ya Yi Yawa

Kankana shuka ce mai son zafi. Amma manomin da ke kan tudun Jos, wanda tsayinsa ya kai wajen ƙafa 4,000, ko mai lambu da ke shuka cikin hunturu, shi ma yana iya samunta in ya san inda sanyi ke cutarta.

Babbar ɓarnar sanyi a wajen tsiro take. In zafin ƙasa bai kai awo 15 na santigirad ba, iri sai ya kwanta cikin ƙasa har ya ruɓe. Saboda haka kada manomi ya yi garajen shuka a tsakiyar Disamba ko Janairu. Gara ya jira dare ya fara sassautawa. Wanda ya yi haƙurin mako biyu sau da yawa yakan riga mai gaggawa kai kaya kasuwa.

Sai a zaɓi wurin da rana ke bugu tun da safe, a yi darni ko a kafa zana ta arewa maso gabas, domin ta nan iskar hunturu ke zuwa. A tara tsibi, tazarar ƙafa 5, a cakuɗa shi da ruɓaɓɓen takin shanu. Tsibi ya fi shimfiɗaɗɗiyar ƙasa saurin ɗumi. Mai hali ya lulluɓe shi da baƙar leda, ya huda wurin shuka. Busasshiyar ciyawa kuwa a dakata da ita tukuna, gama tana hana rana gasa ƙasa. A jiƙa iri kwana ɗaya, a sa ƙwaya 3 zurfin inci 1, in sun tsira a bar 2. Ban ruwa da hantsi ake yi, ba da almuru ba.

Irin da ke nuna da wuri shi ya dace, kamar Sugar Baby, mai yin kwana 75 zuwa 80, ko da yake sanyi kan ƙara masa kwanaki.

Fure iri biyu ne. Macen tana da ɗan ƙullutu a gindinta, namijin ba shi da shi. Ran da sanyi ya hana ƙudan zuma fita, sai manomi ya tsinki namijin da safe ya goga a kan macen. Kowane yaɗo a bar masa 'ya'ya 2, a cire sauran. Abin da wuya ga mai gona, amma yaɗon da aka bar wa 5 ba ya nunar da ko ɗaya sosai.

Kankana ba ta ƙara zaƙi bayan an tsinke ta, watau wadda aka yanka ɗanya ta tafi ke nan. In ɗan zaren nan mai murɗewa da ke kusa da ita ya bushe, gefen da ke kwance a ƙasa kuma ya juya daga fari zuwa rawaya, to, ta nuna. Ƙwanƙwasawa kaɗai takan yaudari wanda bai saba ba. A rage ruwa mako guda kafin ɗiba, sa'an nan a yanke da wuƙa, a bar mata ɗan kara kamar inci 2.