Darasi: Yadda Za Mu Gane Karkashin Korama

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan wani ɗan tsiro ne da muke takawa kullum a fadama da bakin tafki. Ana ce da shi karkashin korama, masana kuwa suna kiransa Heliotropium indicum. Sunan yana ruɗin mutane, gama ba danginsu ɗaya da karkashin miya ba. Wannan dafi gare shi.

Mu fara duban furen, domin nan ne ba a kuskure. Karkashin miya yana da fure mai kama da na riɗi. Na korama kuwa yakan fid da dogon zangarniya siriri, kansa a lanƙwashe kamar wutsiyar kunama. Furanni ƙanana ƙwarai suna jere a gefe ɗaya kaɗai, fari-fari ko shuɗi-shuɗi. Na gindi ne ke fara buɗewa, har su yi 'ya'ya tun na sama ba su buɗe ba. Sa'an nan mu shafa ganyen. Yana da faɗi da tamoji, yana da kaushi, jikin karan duk gashi. Tsayinsa yakan kai gwiwa, wani lokaci ya ɗara.

Dafin hanta yake ci, a hankali kuma yake aiki. Dabba takan yi makonni ko watanni kafin ta soma rama, idanu su yi rawaya, ciki ya kumbura. A lokacin mai ita ya manta abin da ta ci. Doki da saniya da alade da kaji sun fi tumaki da awaki saurin kamuwa. Dabbobi ba su cika cinsa ɗanye ba sai da yunwa, amma in ya bushe cikin harawa ba su iya tsincewa, bushewa kuwa ba ta kashe dafin.

Mutane ma ba su tsira ba. A ƙasar Afganistan wajen 1974, 'ya'yan wani ɗan'uwan wannan tsiro suka gauraya da alkama, dubban mutane suka kamu da ciwon hanta, da yawa suka mutu. Don haka ba mu goyi bayan jiƙa shi a sha don magani ba, balle mai ciki ko yaro.

Mu tumɓuke shi tun bai yi 'ya'ya ba, musamman inda za mu yanki ciyawa ko shinkafa. A taron ƙungiya mai zuwa, wani ya kawo guda da furensa, a ajiye kusa da karkashin miya, a kira mata da yara masu kiwo su gani.