Amsoshin Tambayoyinku: Na'ura Mai Basira da Cinikin Zaɓi

Wani mai sauraronmu yana tambaya: yaya ake gane ingancin takardar bayanin manhajar da na'ura mai basira ke cinikin zaɓi da ita?

To Malam, zaɓi yarjejeniya ce da ke ba ka damar saye ko sayar da hannun jari kan tsayayyen farashi kafin wa'adi ya cika, ba dole. A Amurka kwantiragi ɗaya galibi hannu 100 ne, kuma nan zan so ka fara dubawa. In takardar ba ta fayyace farashin na hannu ɗaya ne ko na kwantiragi ba, na'urar ba ta da wanda za ta tambaya. Tana lissafin dala 2, a cire maka 200. Duba kuma ko an bayyana ma'anar kowane saƙon kuskure, da agogon da wa'adin ke bi.