Yadda ake ɗaukar kundin waƙa a gida a ƙauyukan Hausawan Sudan

A'isha al-Falatiya, Bahaushiyar da ta zama mace ta farko da ta rera waƙa a Rediyon Omdurman a 1942, sai da ta je har Alƙahira kafin muryarta ta hau faifai. Yau matashi a Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, yana iya ɗaukar kundi sukutum a ɗakin kakarsa da kwamfutar hannu da makirufo biyu. Kayan sun yi sauƙi. Abin da ke kayar da mutane shi ne tsara wa zai zo, yaushe, kuma me za a fara.

Da farko a duba kalandar gona. A yankin Jazira, inda aka soma noman rani da ruwan madatsar Sennar tun 1925, makaɗi manomi ne kafin komai. Daga Yuli zuwa Oktoba ba a samun kowa, ga kuma ruwa yana dukan kwanon rufi. Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, alhali dole a kashe fanka lokacin ɗauka. Lokacin da ya dace shi ne bayan an shigar da dawa, daga Disamba zuwa Fabrairu, a kauce wa ranakun masu cirar auduga da ranar kasuwa.

Sai wuta. Madatsun Rusairis da Sennar suna kan Shuɗin Nilu, amma wanda ya jingina aikinsa da wutar gwamnati ya shirya zaman jira, balle tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. A cika batir da sola da rana, a ɗauka da shi da dare. Janareta kuwa ƙararsa na shiga makirufo ko da yana bayan katanga. In an ji wani zuuu a kunne, a cire cajar kwamfuta, sau da yawa daga nan yake.

Ɗakin ƙasa mai rufin azara ko ciyawa ya fi na siminti da kwano nesa ba kusa ba. A jingina katifu a bango, a shimfiɗa tabarma, a tayar da gadon igiya a rataya masa bargo ya raba mai ganga da mai waƙa. In ɗakin zagayayye ne, kada a kafa makirufo a tsakiya, domin can amon bango ke taruwa. A matsa gefe. Sa'a mafi kyau bayan Isha'i ce, lokacin da injin niƙa ya yi shiru, yara sun kwanta. Jaki dai ba ya karɓar umarni, in ya fara sai a jira shi.

A nan ne na saɓa da yadda ake yi a situdiyoyin Kano, inda mai fiyano ke shimfiɗa kiɗa a kwamfuta sannan mawaƙi ya hau. Ga ƙungiyar da ke da kalangu da 'yan amshi, wannan tsari yana kashe waƙa. Kalangu magana yake yi, yana bin hawa da saukar muryar mawaƙi, mai kiɗan yana matse tsarkiya a hammata daidai inda kalma ta tashi. In ka raba su ka sa masa ƙwanƙwasar na'ura a kunne, zai buga daidai amma ba zai ce komai ba. Don haka zaman farko na kowa da kowa ne: a rera dukkan waƙoƙin a tare sau ɗaya, a ajiye a matsayin jagora, a tsayar da tsawon kowace da inda amshi ke shiga.

Daga nan sai ganguna, mawaƙi na zaune a gefe yana rerawa ƙasa-ƙasa. A gama gangunan kundin duka cikin kwanaki a jere. Fata na saki da sanyi, tana ɗaurewa da zafi, kuma gangar da aka gasa a bakin wuta yau ba lallai ta ba da muryar nan ba bayan mako biyu. Bayansu masu tsirkiya: garaya, gurmi, ko udu in akwai, tunda kiɗan Sudan da namu duk kan sautuka biyar suke tafiya, ba sa faɗa. A ɗaure su da sautin fiyano kafin kowace ɗauka. 'Yan amshi su tsaya rabin da'ira gaban makirufo ɗaya, mai ƙarfin murya a baya. In da matan aure a cikinsu, a nemi izinin gidajensu tun da wuri, a ba su bayan La'asar. Jagoran waƙa shi ne na ƙarshe, tazarar taƙi ɗaya daga makirufo, waƙa biyu a dare sun ishe shi. Shayi mai ɗumi, ban da ruwan ƙanƙara.

Mutum ɗaya ya riƙe littafi: sunan waƙa, lambar ɗauka, wadda aka zaɓa. A ajiye sauti a WAV, kada ma'auni ya taɓa ja, kuma kowane dare a kwafe aikin a wuri biyu, ɗaya a wani gida daban. Tun yaƙin nan, mutanen Wad Madani da Sinja sun san yadda ake barin gida ba shiri.

Maganar kuɗi kuma a yi ta kafin a buga ganga ta farko, a gaban dattijo, a rubuta: wa ke da waƙa, nawa ne rabon makaɗi, wa zai sa ta a YouTube. Da zarar ta shiga WhatsApp, kafin wayewar gari ta kai Kano da Maraɗi, kuma ba mai iya dawo da ita.