"Wane Ya Tura Maka Fayil": Dokokin da Babu Sassauci a Cikinsu

Ranar 3 ga Mayu, 2017, wani saƙon imel ya fara yawo, yana cewa wani da ka sani ya ba ka damar buɗe takarda a Google Docs. Duk wanda ya latsa, shafin Google na gaskiya ne ya buɗe masa, ya nemi ya amince wa wata manhaja mai suna "Google Docs" ta karanta wasiƙunsa, ta aika saƙo da sunansa, ta ga jerin mutanen da yake hulɗa da su. Manhajar ba ta Google ba ce, aron suna ta yi. Mutum na amincewa, saƙon zai bazu zuwa ga kowa a jerinsa. Cikin kimanin awa ɗaya kamfanin ya toshe ta, ya ce waɗanda abin ya shafa ba su kai kashi 0.1 cikin 100 na masu Gmail ba. A lissafin lokacin, kusan mutum miliyan ɗaya ke nan. Dabarar kuma ba ta mutu ranar ba, girma ta yi. Saboda haka ga dokoki, kuma ba shawara nake bayarwa ba.

Kada ka ɗauki adireshin da saƙo ya fito a matsayin shaida. An daɗe ana koya mana cewa a duba mai aikowa, a nemi kuskuren rubutu, a lura ko tambarin kamfani ya karkace. Wannan karatun ya tsufa. Ɗan damfarar yau yakan buɗe asusu a Google Drive ko Dropbox, ko ya ƙwace asusun OneDrive na wani ma'aikaci, ya ɗora fayil, ya sa adireshinka. Daga nan kamfanin da kansa ne zai aiko maka sanarwa, daga adireshinsa na ainihi, irin su no-reply@dropbox.com ko no-reply@sharepointonline.com. Tambari daidai, Turanci tsaf. Manhajar tace saƙonni ta ofishinku za ta duba, ta ga hatimin Microsoft ko na Google, ta buɗe ƙofa. Masinja ne mai gaskiya aka ba wa ambulan, shi kuwa masinja ba ya buɗe abin da aka aike shi da shi. Abin da sanarwar ta tabbatar guda ɗaya ne tak: wani ya latsa maɓallin turawa. Ko wane ne shi, kuma me ke ransa, ba ta faɗa maka ba.

Ka tambayi kanka: ina jiran wannan fayil? Idan amsar a'a ce, ka janye hannunka. Sunayen da ake raɗa wa irin waɗannan fayiloli ba a banza aka zaɓe su ba: ƙarin albashi, jerin waɗanda za a ƙara wa girma, takardar biyan kuɗi, kwangilar da ke jiran sa hannu kafin ƙarfe huɗu. Kwaɗayi, tsoro, gaggawa. Da ka ji ɗaya daga cikin ukun nan ya motsa a ƙirjinka, to aikin saƙon ne ya fara kama ka. Ka kuma duba adireshin da ke gefen sunan wanda ya tura fayil ɗin. Kowa na iya buɗe Gmail ya sa sunan shugaban ma'aikatarku.

Ka ɗauki waya ka kira shi. Kada ka amsa imel ɗin kana tambaya. Na taɓa ganin wannan da idona a wani ofishi da na yi aiki. Abokiyar aikinmu ta sami fayil daga wani ɗan kwangila da muka shekara muna hulɗa da shi. Ta yi shakka, Allah Ya sani ta yi ƙoƙari, ta rubuta masa, "Alhaji, kai ka turo wannan?" Ba a yi minti biyar ba amsa ta dawo cewa shi ne, a taimaka a duba da wuri. Ashe ɓarawon ne zaune cikin akwatin saƙon Alhaji yana amsa wasiƙu, shi kuwa bawan Allah yana kan hanya, bai san wainar da ake toyawa ba. Tambayar ɓarawo aka yi ko shi ɓarawo ne. Ka yi amfani da lambar da ke cikin wayarka tun da can, ban da wadda aka rubuta a ƙasan saƙon.

Kada ka kuskura ka rubuta kalmar sirrinka a shafin da fayil ya kai ka. Idan za ka manta da komai a rubutun nan, riƙe wannan. Ga yadda tarkon yake. Ka buɗe fayil, sai ka tarar babu komai ciki sai hoton wata takarda da aka dusashe rubutunta, da wani shuɗin maɓalli a tsakiya mai cewa ka latsa don ganin takardar. Ka latsa, ya fitar da kai daga Dropbox ko SharePoint zuwa wani shafi mai kama da na shiga Microsoft sak, har da adireshin imel ɗinka an riga an cika maka. Saura kalmar sirri kawai. Tsaya nan. Takarda ta gaskiya, abin da ta ƙunsa yana cikinta. Takardar da ba ta ɗauke da komai sai ƙofar shiga wata takarda, ƙugiya ce. Kuma mutumin da ke cikin asusunsa yanzu haka, yana karanta imel da shi, me zai sa a sake tambayarsa ko shi wane ne?

A watan Oktoba na 2024 Microsoft ya bayyana cewa tun tsakiyar Afrilun shekarar yake ganin wani salo: ana kulle fayil ɗin ta yadda kai kaɗai za ka iya buɗe shi, a hana sauke shi, sannan a aiko maka lambar tabbatarwa ta imel kafin ka shiga. Lambar ta gaskiya ce. Amfaninta ga ɓarawo biyu ne. Manhajojin bincike ba sa iya leƙa fayil ɗin, kai kuma hankalinka ya kwanta, ka ce ai wurin nan akwai tsaro. Lokacin da shafin ƙarya zai fito, ka riga ka saba da bin umarni.

Ka koyi karanta adireshin shafi. Ka tsallake https://, ka nemo layin tsaga na farko, wato wannan alamar /, ka karanta abin da ke gabansa daga dama zuwa hagu. Galibi gaɓoɓi biyu na ƙarshe su ne mai gidan. Shafin shiga Google shi ne accounts.google.com, na ma'aikatu masu amfani da Microsoft kuma login.microsoftonline.com. Idan ka ga an rubuta sunan Microsoft a farko, sannan wani baƙon suna ya biyo baya kafin layin tsagar, gidan na baƙon ne. Alamar kwaɗo da ke gefen adireshi kuwa kada ta ruɗe ka, shafukan damfara ma suna da ita, kyauta ake samu. A waya adireshin yakan yanke, don haka duk abin da ya shafi kalmar sirri ka bari sai ka zauna gaban kwamfuta.

Fayil mai ɗauke da hoton QR da aka ce ka ɗauka da wayarka, rufe shi. So ake a raba ka da kwamfutar ofis mai tsaro a mayar da kai ƙaramin allo.

Kada ka ce ai kana da tabbatarwa mai mataki biyu, ka saki jiki. Ka kunna ta, dole ne, amma ka san iyakarta. Shafukan damfara na yanzu dillalai ne: suna zaune tsakaninka da shafin gaskiya, abin da ka rubuta su miƙa, abin da aka amsa su dawo maka da shi. Ka sa kalmar sirri, su miƙa. Lamba ta shigo wayarka, ka sa, su miƙa. Shafin gaskiya ya ba da shaidar cewa an shiga lafiya, su riƙe ta, su shiga da ita ba tare da sun sake buƙatar lambarka ba. A Yulin 2022 Microsoft ya ce wani gungu ya auna ma'aikatu fiye da 10,000 da wannan dabara tun Satumban 2021. Abin da ke karya ta shi ne makullin tsaro irin YubiKey, ko makullin shiga da ake ajiyewa a waya ana buɗe shi da yatsa ko fuska, domin shi yana duba adireshin shafi da kansa, idan ba na gaskiya ba ne ya ƙi aiki. Google ya faɗa a 2018 cewa tun da ya wajabta wa ma'aikatansa fiye da 85,000 irin wannan makulli a farkon 2017, ba a ƙwace asusun aikin ko ɗaya ta wannan hanya ba.

Kada ka ba wata manhaja izinin shiga wasiƙunka don kawai ka karanta takarda. Wannan shi ne tarkon 2017, kuma har yau ana ɗana shi. Muninsa, ko ka canza kalmar sirri ba lalle izinin ya faɗi ba, sai ka shiga sashen tsaro na asusunka ka cire manhajar da hannunka.

Ka je da ƙafarka. Buɗe sabon shafi, rubuta drive.google.com ko adireshin OneDrive da kanka, duba sashen abubuwan da aka tura maka. Idan fayil ɗin ba ya nan, ka ɗauki sanarwar a matsayin jabu. Idan yana nan, bai wanke shi ba, sauran dokokin suna nan daram. Google Drive yana da wurin kai ƙarar fayil da toshe mai turowa, tun 2023 kuma yana da akwatin shara na musamman. Ka yi amfani da su, kada ka goge ka yi shiru, ka bar na kusa da kai ya taka.

Idan ka riga ka faɗa, kada ka ɓoye. Kunya a nan ita ce abokiyar ɓarawo. Ka sanar da masu kula da kwamfutocin ofis nan take, ko da tsakar dare ne. Ka canza kalmar sirri, ka fitar da asusun daga duk na'urorin da yake buɗe, ka duba ko an ƙara wata lambar waya ko manhajar tabbatarwa da ba taka ba. Sannan ka leƙa ƙa'idojin akwatin saƙonka, wurin da kusan kowa ke mantawa: ɓarayi kan kafa umarnin da zai riƙa tura wasiƙunka waje, ko ya ɓoye duk amsar da ta zo daga sashen kuɗi. Domin kuɗin ake nema. Daga asusunka za a rubuta wa abokan hulɗarku cewa kun canza banki, a biya cikin sabuwar lamba. Hukumar FBI ta Amurka ta ce a 2023 kaɗai asarar da ke cikin ƙorafe-ƙorafen irin wannan damfara da suka iso gare ta ta kai kimanin dala biliyan 2.9.

Kai kuma shugaba, kada ka tsire wanda ya kawo kansa a gaban taro. Ka yi haka sau ɗaya, na gaba zai yi gum har sai kuɗi sun fita. Kuma ka daina jefa wa ma'aikatanka fayil babu sallama babu bayani, kana koya musu latsa duk abin da ya zo da sunanka. Kafin ka tura, ka faɗa musu da baki ko ta waya cewa ga abu nan tafe, ga sunansa.