Darasin Kimiyya: Kafa Farantin Tauraron Ɗan'adam a Gida

Duk wanda ya zaga Sabon Birni ko Isa zai ga faranti a bisa gidaje, har da na laka. Da yawa daga cikinmu muna zaton sai an ɗora shi can ƙololuwar rufi zai kama hoto. A wannan darasi za mu ga cewa ba tsayi ake nema ba. Abin da ake nema shi ne saiti daidai da kuma gindi mai ƙarfi.

Ina tauraron yake?

A shekarar 1945 wani marubuci ɗan Ingila, Arthur C. Clarke, ya bayyana cewa idan aka sa na'ura a sama bisa layin da ya raba duniya biyu, a nisan da ya dace, za ta riƙa zagaya duniya sau ɗaya a yini, daidai da juyawar duniya kanta. Mu da ke ƙasa sai mu gan ta kamar a tsaye take. Nisan nan kilomita 35,786 ne. A 1964 Amurka ta harba Syncom 3 zuwa wannan matsayi, ya kai hoton wasannin Olamfik daga Tokyo. Nijeriya ma ta harba NigComSat-1R daga ƙasar Sin a 2011.

To, mu yi lissafi. Rufin gidanmu bai wuce mita uku ko huɗu ba. Mene ne mita huɗu a cikin kilomita 35,786? Eriyar da iyayenmu suka riƙa ɗaurawa a kan doguwar gora ita ce ke bukatar tsayi, domin tashar ƙasa take nema, kuma tudu da lanƙwasar duniya suna tare saƙon. Faranti kuwa sama yake kallo.

Ina zai fuskanta?

Ƙasar Gobir tana wajen digiri 13 arewa da layin tsakiyar duniya, kuma digiri 6 gabas. Saboda haka babu farantin da zai fuskanci arewa ya kama waɗannan taurari. Tauraron da ke digiri 36 gabas, wanda ke ɗauke da tashoshin DStv, yana gabas maso kudu da mu, kimanin digiri 52 sama da ƙasa. Wato ya fi rabin hanya tsakanin ƙasa da tsakar ka. Muddin babu reshen dogon yaro ko katanga a wannan layi, faranti zai yi aiki ko a tsakar gida.

Aikin faranti kamar na madubi ne. Yana tattara saƙo mai rauni ya tura shi wuri ɗaya, inda ƙaramar na'urar nan da ake kira LNB take. Daga nan waya ta kai shi dikoda, dikoda ta kai talabijin. Idan faranti ya goce da digiri biyu ko uku, hoto ya tafi.

Rufinmu da iskarmu

Mun san iskar da ke zuwa gaban ruwan farko a watan Mayu da Yuni, wadda ke yaye kwano. Faranti yana tare iska kamar faifai. Idan aka kafa shi a kan soro, kowace iska za ta girgiza ƙarfen, yaɓe ya tsage, ruwa ya shiga ya jiƙa azara. Kafin ƙarshen Agusta ɗaki ya fara yoyo, wani lokaci ma ya rufta da mutane a ciki. A rufin kwano kuwa, kowace huda ƙofar ruwa ce. Ga shawarwarinmu:

1. A haƙa rami, a kafa bututun ƙarfe da siminti, a bar shi kwana biyu ko uku ya bushe. Bangon bulo ma ya isa.
2. A tabbata bututun ya miƙe sak, da ma'aunin magina.
3. A nisanci wayar lantarki, musamman lokacin ɗaga ƙarfe.
4. Idan dole sai an hau sama, wani ya riƙe tsani, kuma kada a hau in hadari ya haɗu.
5. A haɗa ƙarfen da wayar tagulla zuwa sandar da aka binne a ƙasa, a kuma cire wayoyi daga dikoda lokacin tsawa.
6. A naɗe mahaɗar waya don kada ruwa ya shiga, a ɗaure notuna tamau bayan an sami saiti.

Kada mu yi saurin zargin mai gyara

Ruwa mai ƙarfi yana shanye saƙon, hoto ya ɗauke har ruwan ya tsagaita. Haka kuma a watan Maris da Satumba akwai 'yan kwanaki da rana ke bi ta bayan tauraron, hoto ya lalace na 'yan mintoci. Kada kowa ya hau ya taɓa faranti. Haƙuri kaɗai ne maganinsa.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya duba faranti uku a unguwarsu. Ya rubuta inda kowanne ya fuskanta, abin da aka kafa shi a kai, da ko zai jure iskar farkon damina. Wanda ya ga haɗari, ya faɗa wa maigidan cikin ladabi.